Injin da Mazin Ya Taɓa

Ni ne mai duba motoci a ƙungiyarmu ta 'yan tsere. Namu ba irin tseren da ake yi kafaɗa da kafaɗa ba ne. Wani filin ajiye motoci muke ara a kan hanyar filin jirgi ranar Juma'a, mu jera robobi masu tsini su zama hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, mota ɗaya ta shiga ta fita, agogo ya faɗi lokacinta. Kafin kowa ya shiga sai ya tsaya a gabana ya ɗaga bonet, ni kuma in faɗi ajin da motarsa ta faɗa. Wadda take yadda kamfani ya ƙera ta, aji na ɗaya. Wadda aka sauya wa sifirin ko salansa, aji na biyu. Wadda aka buɗe cikin injinta aka canza wani abu, komai ƙanƙantarsa, aji na uku, wurin manyan dodanni.

A bakin wannan aikin na san Taisir, wanda muke kira Abu Nayif, mai gyaran firiji a garin Madaba, kusa da Amman. Dogo ne mai sanyin magana, irin mutanen da sai sun goge hannu kafin su taɓa sitiyari. Ƙaninsa Mazin gajere ne kakkaura, direban tankar ruwa, bakinsa ba ya hutawa. Motarsu ɗaya, wata tsohuwar Golf koriya da mahaifinsu ya bari. Ita ce kuma motar gidan. Da ita ake kai mahaifiyarsu asibiti wankin ƙoda, da ita ake ɗauko garwar man zaitun daga ƙauye. Ranar Juma'a sai su sauke dardumar salla da kwalin tishu, su liƙa lamba a ƙofa, ta zama motar tsere.

Doka ta yarda mutum biyu su yi takara da mota ɗaya, wannan ya shiga ya fito, wancan ya karɓa. Na biyu shi ke samun taya da ɗumi, don haka kullum sai sun yi rigima a gabana.

"Yaya, kai ne babba, bisimilla," in ji Mazin.

"Yau ka tuna ni ne babba? Jiya a kan tiren mansaf, shinkafa da rago, ba ka tuna ba, kai ka fara kai hannu kan nama."

"Ɗanɗana maka na yi, ko da guba."

Mazin ya fi yayansa gudu, kowa ya sani, Taisir ma ba ya musu. Taisir na bin robobi a tsanake kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Mazin kuwa afka wa kwana yake yi, bayan motar ya zame gefe, ya fizgo shi da hannu ɗaya, ka rantse zai kwashe robobin duka, sai ka ga ya wuce ba wadda ta motsa. Amma duk iyawarsa na biyu yake zuwa. Akwai wani likitan haƙori daga Amman mai sabuwar mota, da an fito miƙaƙƙiyar hanya sai ya ƙwace duk abin da Mazin ya tara a kwana. Abin na cin Mazin a rai.

"Sifirin kawai, Yaya. Mu ɗan sauke ta ƙasa."

"Ka sa sifirin mai tauri, Umma ta riƙa jin kowane ramin Madaba a ƙashin bayanta? Sannan Abu Rakan ya tura mu aji na biyu, inda ko ƙurar mutane ba za mu hango ba."

Abu Rakan ni ne. Mazin ya kan juyo ya ce mini, "Kai ma dai, Abu Rakan, ba ka taɓa ƙyafta ido ba ne?" In ce masa ina ƙyaftawa, amma a gida.

Wata shekara Taisir ya tafi Umra da matarsa, ya bar wa Mazin mota da hidimar mahaifiyarsu. Ya dawo ranar Alhamis, washegari suka zo fili, Mazin ne ke tuƙi, ya ƙure rediyo. Da ya ɗaga bonet na ji injin na wani irin bugu, ba ya tafiya sumul kamar da, sai ya yi kamar zai mutu ya farfaɗo, kamar dattijo mai tari yana dariya.

Na ce, "Me ya same ta?"

Ya ce, "Salansa ce ta huje. Leƙa ka gani."

Na durƙusa na leƙa, ga huji kuwa. Daga baya na ji cewa shi ya huda ta da ƙusa. Ba ni da dalilin buɗe inji, na bar su a ajinsu. Abin da ya kamata ya ba mu mamaki shi ne ranar Mazin bai yi gardamar shiga na biyu ba, da kansa ya sa hular kwano ya fara.

Irin lokacin da ya yi, sai da Haisam mai lasifika, mai sanar da sakamako, ya sake tambayar masu agogo kafin ya faɗa. Ya ba likitan tazarar da ba a taɓa gani ba a ajin. Fili ya kaure da ihu. Mazin ya fito yana sumbatar rufin mota, ya miƙa wa yayansa hula.

Taisir ya shiga. Tun daga kwanar farko na ga motar ta fizge shi, ya taka birki inda ba ya takawa. Ya ƙarasa a hankali, bai koma layin ajiya ba, ya zo ya tsaya daidai gaban teburina. Ya kashe inji, ya cire hula, ya ajiye ta a kan rufi. Mutane na kewaye da Mazin ana ta tafa masa baya, 'yan taku kaɗan daga gare mu.

Taisir ya ce, "Abu Rakan, buɗe injin nan." Bai ɗaga murya ba, amma na kusa sun ji.

Na ce, "Ba wanda ya kawo ƙara, Abu Nayif."

"Ni na kawo. Motata ce, na san numfashinta. Buɗe."

Muka jira injin ya huce, muka kwance murfin sama. A cikin inji akwai wata sandar ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi, makanikai na ce mata kamshaf, ita ke buɗe wa inji ƙofofin shaƙa da fitarwa. Wadda ke cikin Golf ɗin ba ta kamfani ba ce, ta tsere ce, ƙusumbinta sun fi tsayi. Kowa ya gani. Likitan ma kau da kai ya yi.

Taisir ya dubi ƙaninsa ya ce, "Na tafi ɗakin Allah, ka mai da ni ɓarawo ban sani ba."

Na zaci Mazin zai yi wani barkwanci, don bai taɓa rasa shi ba. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce, "Da ka bari mun je gida ka mare ni, Yaya. Wallahi da na tsaya maka." Ya ɗora mukulli a kan teburina, ya bi ta tsakiyar robobi ya nufi babban titi. Muna hangensa yana ɗaga wa bas hannu.

Ƙungiya ta soke sakamakonsu, ta dakatar da Mazin zuwa ƙarshen shekara. Ba wannan ne ya dami kowa ba. Gida ɗaya suke, Taisir da iyalinsa a sama, Mazin da mahaifiyarsu a ƙasa, amma magana ta yanke. Azumi ya zo, suka yi ta buɗa baki a tire ɗaya, in Mazin na son gishiri sai ya roƙi matar yayansa. Tsohuwa ta yi kuka, ta yi faɗa, kowannensu na jiran ɗaya ya fara. Bayan salla Mazin ya samu aikin jan babbar mota a wata gona a Tabuk, cikin Saudiyya. Ranar da zai tafi Taisir na shago, ba su yi sallama ba.

Bai cika shekara a can ba. Cikin tsananin zafi aka same shi a gefen hanya, ya gyara fakin tsaf, ya kifa kai a kan sitiyari. Zuciya ce ta tsaya. Aka ce dawo da gawa zai ɗauki lokaci, mahaifiyarsu ta ce a rufe shi inda Allah ya karɓe shi. Abokan aikinsa suka yi masa salla. Babu ko mutum ɗaya daga gidansu a wurin.

Na je gaisuwa Madaba. Aka zuba mini gahawa mai ɗaci, na zauna a jerin kujeru tare da jama'a. Da zan tafi Taisir ya rako ni har bakin rumfa, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Abu Rakan, zan tambaye ka, don Allah kada ka lallashe ni. Da ban yi magana ba ran nan, za ka gano?"

Na so in ce masa eh. Na ce, "Ba na buɗe inji sai an kawo ƙara."

"Likita zai kawo?"

"Ba halinsa ba ne."

Ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya, ya koma ya ci gaba da karɓar gaisuwa.

Ban yi zaton zan sake ganinsa a fili ba. Sai ga shi da sanyi ya fara shigowa, shi kaɗai a cikin Golf. Tun daga ƙofa na ji bugun nan. An toshe hujin salansa, don haka yanzu ba abin da ke ɓoye shi.

Na ce, "Abu Nayif, ba ka mai da sandar kamfani ba?"

"A'a."

"Akwai su a wurin 'yan gwangwan na garin Sahab, rabin yini makaniki zai gama. In ka mai da, aji na ɗaya naka ne, likita ya koma Dubai."

"Na sani."

"In ka bar ta haka, aji na uku zan sa ka."

"Sa ni."

Aji na uku wurin samari ne masu motocin da aka yashe cikinsu, ba kujera sai ta direba, tayoyi masu faɗi, inji na huci kamar tukunyar gas. A tsakiyarsu Taisir ya yi fakin da kujerunsa duka, da labulen da aka sa wa tagar baya saboda rana kada ta dami tsohuwa. Wani daga cikinsu ya leƙo ya ce, "Kawu, ka ɓata hanya, asibiti na gaba." Aka yi dariya. Taisir ma ya yi murmushi. Shi ya zo na ƙarshe ranar, da Juma'ar da ta biyo, da ta bayanta. Da samarin suka ji labarin sai suka daina tsokanarsa, suka koma kawo masa shayi.

Dalilin bai fito daga bakinsa ba, da idona na gani. Firijin gidana ya lalace, na kai masa shago, ya ce in biyo shi gida mu ci abinci. Muka shiga Golf. Muna karyo kwanar layinsu na hango mahaifiyarsa a baranda, ta dafa ƙarfe ta miƙe. A lokacin ciwo ya fara taɓa mata tunani. Sa'ad da Taisir ke Umra Mazin ne ya yi ta kai ta asibiti da sabon injin, kunnenta ya riƙe wannan bugun a matsayin nasa.

Ta ɗaga murya ta ce, "Mazin ya dawo! Ku ɗora shayi."

Taisir bai kashe inji nan take ba. Ya bar shi yana bugawa, hannunsa a kan mukulli, idonsa a kan sitiyari. Can ya kashe, ya fito ya ce, "Ni ne, Umma."

Ta dube shi, ta leƙa bayansa. "Ina ƙaninka?"

"Ya sauke ni ya wuce aiki."

"Yaron nan ba ya zama," in ji ta, ta koma ta zauna, hankalinta a kwance.

A kan matakala ya ce mini, "Kullum haka ne. In na zo a tasi ba ta tambaya, sai dai ta yini ba ta ci abinci ba." Muka hau.

Akwai wani abu game da irin wannan ƙarfen da duk mai tsere ya sani. Yana ƙara wa inji ƙarfi ne a sama, in an matse shi yana kururuwa. A ƙasa kuwa kasala yake sa shi. Tuƙin Taisir na lallaɓawa bai dace da shi ba, duk kwanar da ya shiga a hankali sai motar ta yi masa nauyi, ta ƙi fita. In yana so ta tafi dole ya bar ta a ƙaramar giya, ya afka, ya bar bayanta ya zame. Wato dole ya ja ta yadda wanda ya sa ƙarfen yake ja.

Ba rana ɗaya ya canza ba. Shekara ta farko yana faɗa da motar. Ta biyu ya fara sakar mata. A ta uku ne, wata Juma'a da na gama duba motoci na je na tsaya a kwanar ƙarshe ina taya masu gyara robobi, na ga Golf ta taho. Ta afka wa kwanar ba birki, bayanta ya fita, na hango direban ya saki hannun dama ya fizgo sitiyari da na hagu kaɗai, kansa a karkace, kafaɗa ɗaya a sama. Na sha ganin wannan karkata kan a wannan tagar, kuma ba ta Taisir ba ce.

Ba ni kaɗai ba. Haisam mai lasifika, wanda ya yi shekaru yana kiran sunayen mutane bai taɓa kuskure ba, ya ɗauka da ƙarfi: "Kai! Mazin ya wuce ba roba ko ɗaya!" Sai lasifikar ta yi shiru. Filin ma ya yi shiru, ban da sababbin samarin da ba su san sunan ba, suna ta tafi. Ranar ce Taisir ya fara barin na ƙarshe, ya wuce motoci biyu masu ninkin ƙarfin tasa.

Na same shi a layin ajiya bai fito ba. Ya cire hula, gumi ya jiƙa masa gashi. Haisam ya iso da gudu yana ba da haƙuri.

"Wallahi bakina ne, Abu Nayif, ban san yadda aka yi ba."

"Ba komai," in ji Taisir. Da Haisam ya tafi ya dube ni ya ce, "Ban tuna kwanar nan ba, Abu Rakan. Na tuna na nufo ta, na tuna na ga tutar gamawa. Tsakani ban sani ba."

Na ce gajiya ce, da rana. Ya ce haka ne. Ya roƙe ni in zauna a gefensa kaɗan, na zauna har aka kira salla.

Daga nan ya riƙa matsowa sama a hankali, amma ban ga yana murna ba. Ya rame. Matarsa ta gaya wa matata cewa ranar Juma'a in ya dawo ba ya cin abinci, sai ya shige ɗakin Mazin na ƙasa ya rufe ƙofa har magariba. Ta roƙe shi ya daina, ya ce mata to, Juma'a na zuwa ya liƙa lamba.

Ƙungiya ce ta yanke abin, ba da niyya ba. Wani saurayi ya kife da motarsa a wani fili, Allah ya kiyaye bai mutu ba, aka sa sabuwar doka: duk motar aji na uku dole a yi mata kejin ƙarfe a ciki, daga gaba har baya, a cire kujerar baya. Doka ce mai kyau, ni ma na ɗaga mata hannu. Sai da na fito daga taron Golf ta faɗo mini a rai.

Ban so ya ji a bakin wani ba, na tafi Madaba. Na same shi a bayan wani firijin mahauta, rabin jikinsa a ciki. Na gaya masa. Ya fito ya zauna a kan wata tukunyar gas.

"To, faɗa mini a taƙaice."

"Ko ka cire ƙarfen ka dawo aji na ɗaya, ko ka cire kujerar baya ka sa keji."

"A ina Umma za ta zauna?"

"Shi ya sa na zo da kaina."

"Ba wata hanya ta uku? Ku ce tsohuwar mota ce, ba ta kai gudun da za ta kife ba."

"Na tambaya. In an yi maka, gobe mutum goma za su zo."

Ya ce, "Gaskiya ne. Ni ma da ni ne, ba zan yi ba."

Ya daina shiga takara, amma bai daina zuwa ba. Da safe direbobi kan zaga hanyar da ƙafa kafin a fara, don kowace Juma'a sabon tsari ake yi wa robobi. Taisir ya kan bi su, hannuwa a baya, ya tsaya a kowace kwana ya daɗe yana dubawa. In an fara sai ya koma bayan shinge ya zauna cikin motarsa. Wani lokaci ya tayar da inji ya bar shi yana bugawa, gilashi a rufe. Masu sayar da gahawa suka saba da shi, suna ƙwanƙwasa masa taga su miƙa.

Haka aka yi har mahaifiyarsu ta rasu, cikin bazara, a gadonta. Matar Taisir ta ce a kwanakinta na ƙarshe ba ta gane kowa, amma in mota ta tsaya a ƙofa sai ta buɗe ido.

Samarin aji na uku suka je gaisuwa gaba ɗayansu. Bayan an share makoki suka ce masa yanzu ba abin da zai hana, su za su haɗa masa kejin da hannunsu, kyauta. Ya yi musu godiya ya ce zai yi tunani. Ni ma na ɗauka abin da zai yi ke nan.

Juma'ar da ya dawo ban ji shigowarsa ba. Ina sunkuye a kan wata mota, na ɗago na ga Golf a layi, injin na tafiya sumul kamar keken ɗinki. Ya ɗaga bonet da kansa.

"Na samo ta kamfani a Sahab. In kana so ka buɗe ka gani."

"Na yarda."

"Buɗe dai, Abu Rakan. Kada wani ya yi magana."

Na buɗe. Komai na kamfani ne. Na sa shi aji na ɗaya. Ban tambaye shi inda ya kai wancan ƙarfen ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya yi tuƙi mai tsafta, hannu biyu a sitiyari, kai a miƙe, ba zamewa. Shekarun da ya yi cikin dodanni sun koya masa abin da 'yan aji na ɗaya ba su sani ba, ya cinye su ba wahala. Haisam ya kira sunansa daidai, har da na mahaifinsa. Aka miƙa masa kofi, karo na farko a rayuwarsa, ya karɓa ya ɗaga don masu hoto. Da jama'a suka watse na same shi yana ɓare lambar daga ƙofa da farce.

Na ce, "Barka, Abu Nayif. Yaya ka ji ta?"

Ya ce, "Lafiya lau take. Mota ce kawai." Ya dunƙule lambar ya sa a aljihu. "Duk kwanar na tuna ta, ɗaya bayan ɗaya."

Wannan ce Juma'arsa ta ƙarshe a wurinmu. Bayan 'yan makonni na ji ya nemi biza, ya rufe shago, ya kama hanyar kudu shi kaɗai, ta garin Ma'an ya tsallaka iyaka zuwa Tabuk. Tun rasuwar Mazin bai taɓa zuwa ba, ya ce ba zai iya barin tsohuwa ba, kuma ba zai iya gaya mata inda za shi ba.

Da ya dawo na je shago. Ya aika aka kawo mana shayi da na'ana'a, ya ba ni labari yana kwance wata fanka, bai dube ni ba. Ya ce ya nemo wani Basudane da suka yi aiki da Mazin, shi ya raka shi maƙabarta. Can ba sa rubuta suna a kabari, dutse ne kawai a kai da ƙafa, duka iri ɗaya, fili guda har inda ido ya tsaya. Basudanen ya yi ta zagaye, ya ce a lokacin nan ne ƙarshen layi, kusa da katanga, amma yanzu an ƙara layuka da yawa, katangar ma an matsar da ita. Mai gadi ya zo ya tambayi shekarar, ya nuna musu layi biyu ya ce ba zai wuce cikinsu ba.

Na ce, "To, ya ka yi?"

"Na fara daga farkon layi. Kowane kabari na tsaya na yi sallama, na ce, Mazin, in kai ne, ni ne Taisir, na zo. Sai in matsa na gaba." Ya hura ƙurar da ke jikin fankar. "Basudanen ya gaji ya koma inuwa. Mai gadi ya kawo mini ruwa, ya ɗauka duk 'yan'uwana ne."

"Ka gama layukan?"

"Na gama. Har na ƙara na uku, ko mai gadin ya yi kuskure."

Wata mata ta leƙo tana tambaya ko an gama mata injin wanki. Ya ce mata sai jibi, Hajiya, kayan ba su iso daga Amman ba. Ta tafi tana mita. Ya ɗauki sukudireba ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na shanye shayina.